Sanin makamar aiki a ofishin lauya: yadda za ka samu wuri, da yadda za ka fito da abin nunawa

Wasiƙar farko da na rubuta a ofishin lauyoyi sakin layi uku ce kacal, amma da ta dawo daga teburin Barista sai ka ce an yanka kaza a kanta, saboda jan biro. Ta soke doguwar gaisuwar da na buɗe da ita. Ta gyara lambar ƙara, ashe na juya lambobi biyu. Inda na rubuta cewa za mu aiko da takardun "nan ba da jimawa ba" kuma ta zagaye shi, ta rubuta kalma ɗaya a gefe: yaushe? Na koma kujerata raina a jagule.

Ƙawata da muke aji ɗaya kuwa tana wani katafaren ofishi mai hawa-hawa, ba wanda ya taɓa soke mata ko wasali. Na yi ta yi mata sha'awa. Sai da muka cika wata ukunmu muka zauna kowa tana baje abin da ta samo, sannan na gano bakin zaren. Ba a taɓa gyara mata rubutu ba don ba a taɓa ba ta rubutu ba. Kwafin takardu ta yi ta yi tun daga ranar farko har ranar sallama.

Yanzu ni ce ke karɓar ɗalibai masu karatun zama mataimakan lauya idan makaranta ta turo su, kuma abin da nake fara gaya wa kowannensu ke nan: ba zaman ofis ka zo yi ba, ka zo ne lauya ya ba ka aiki na gaske, ya duba abin da ka yi, ya nuna maka inda ka kauce. Duk sauran abin da zan faɗa a nan hanyoyi ne na tabbatar da cewa hakan ya faru.

Fara da dokar wurin da kake

Sa idon lauya ba alfarma ba ce da yake yi maka, ginshiƙin sana'ar ne. Ƙungiyar lauyoyin Amurka, ABA, ta bayyana mataimakin lauya da cewa mutum ne da ya samu horo ko gogewa, yake yin ainihin aikin shari'a da aka danƙa masa, amma alhakin aikin yana wuyan lauya. Ƙa'idarta mai lamba 5.3 ta ɗora wa lauya nauyin sa ido a kan waɗanda ba lauyoyi ba da ke aiki a ƙarƙashinsa. Wato idan ka yi ɓarna, sunansa ne da lasisinsa a kan siraɗi. Wanda ya fahimci wannan ba zai ƙara jin haushin jan biro ba.

Sai dai ƙasashe sun sha bamban. A lardin Ontariyo na Kanada, tun 2007 hukumar lauyoyi ce ke ba mataimakan lauya lasisi, har suna iya tsaya wa mutum da kansu a kotun ƙananan basussuka da wasu kwamitocin sauraron ƙorafi, kuma makarantun da hukumar ta amince da su dole su tura ɗalibi wurin aiki kafin ya gama. A Ingila da Wales, tun da aka kawo sabuwar jarrabawar zama lauya ta SQE a 2021, mai son zama irin lauyan da suke kira solicitor na buƙatar gogewar aiki ta shekara biyu, wadda zai iya tarawa a wurare har huɗu, kuma aikin mataimakin lauya na iya shiga lissafi idan lauya ya tabbatar da shi. A wasu ƙasashen kuwa babu wata hukuma da ke kula da sana'ar kwata-kwata.

Don haka kafin ka buga wa kowa waya, je wurin malamin da ke kula da tura ɗalibai a makarantarku ka samo amsar abu huɗu a rubuce: awa nawa ake buƙata, wane ne ya cancanci ya zama mai sa maka ido, wane fom zai cike, kuma wane irin aiki ne ake ƙirgawa. Na taɓa karɓar ɗalibin da ya yi mako shida a wani wuri, daga baya makaranta ta ƙi karɓar awanninsa saboda wanda ya sa masa hannu manajan ofis ne, ba lauya ba. Sai da ya sake daga farko.

Ina za ka nema

Kowa idonsa na kan manyan ofisoshi masu suna. Ban ce kada ka nema ba, suna yana da amfaninsa a takardar neman aiki. Amma a nawa ra'ayin, ɗalibi ya fi ƙaruwa a ofishin da lauyoyi ba su wuce biyu zuwa biyar ba. A irin wannan wuri hannu bai isa ba, aiki ya fi ƙarfin mutane, dole a miƙo maka fayil na gaske tun makon farko, kuma mai ofishin yana nan a ɗakin da ke kusa, kana jin muryarsa yana waya.

Bayan ofisoshi masu zaman kansu, akwai hukumomin ba da taimakon shari'a kyauta ga marasa hali, da cibiyoyin taimakon shari'a na jami'o'i, da sashen shari'a na kamfani ko banki ko ma'aikata, da ofishin rajistaran kotu, da ƙungiyoyin da ke bin kadin waɗanda ke tsare suna jiran shari'a. Kada ka raina na ƙarshen nan. A Malawi tun shekarar 2000 mataimakan lauya ke shiga gidajen yari suna zaƙulo mutanen da aka manta da fayilolinsu, a Saliyo kuma dokar taimakon shari'a ta 2012 ta amince da matsayinsu a hukumance. Wanda ya yi wata biyu yana ɗaukar bayanin mutanen da ke tsare zai koyi sauraro fiye da yadda aji zai koya masa a shekara. Sharaɗi ɗaya ne dai: tabbatar akwai lauya a wurin da zai duba aikinka ya sa hannu.

Kowane wuri da abin da yake koyarwa. Rajistara zai koya maka yadda takarda ke tafiya a cikin kotu da dalilan da ke sa a dawo da ita. Kamfani zai koya maka yarjejeniya da karatun ƙananan sharuɗɗa. Ƙaramin ofishi zai koya maka komai kaɗan-kaɗan, har da yadda ake lallashin mutumin da aka ɗage masa shari'a karo na biyar.

Yadda ake roƙon wuri

Wasiƙarka kada ta wuce shafi ɗaya. Faɗi makarantarka da inda ka kai a karatu, ranar da za ka fara da ranar da za ka gama, kwana nawa a mako, da abin da makaranta ke so daga mai sa ido. Sai ka ƙara jimla biyu da ke nuna ka san irin shari'o'in da ofishin ke yi. Wasiƙar da ke cewa "ina da sha'awar fannin shari'a tun ina yaro" ina samun irinta da yawa, ba ta gaya mini komai. Wadda ke cewa ɗalibi ya yi darasin dokar haya kuma ya ga ofishinmu na yin shari'o'in masu gida da 'yan haya, ita ce nake karantawa har ƙarshe.

Ka karanta wasiƙar sau uku, ka ba wani ya karanta. Aikin da kake nema aikin lura ne, kuma wasiƙar ita ce jarrabawarka ta farko. Idan ka rubuta sunan lauya ba daidai ba, ka riga ka amsa tambayar da bai yi maka ba tukuna.

Imel yana ɓacewa a cikin ɗaruruwa. Zuwa da kai ya fi aike: kai wasiƙar da hannunka, da tsakar rana ko bayan la'asar lokacin da an dawo daga kotu, ba da sassafe ba sa'ad da kowa ke rige-rigen fita da fayiloli. Ka girmama wanda ka tarar a teburin karɓar baƙi. Sau da yawa shi ne zai ajiye takardarka a saman tari ko a ƙasansa. Kuma ka fara nema wata biyu ko uku kafin lokaci, ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan aka kira ka ganawa, za a ƙare da cewa ko kana da tambaya. Kana da ita. Tambayi wane ne takamaimai zai riƙa ba ka aiki yana dubawa, da sau nawa za ku riƙa zama. Tambayi irin aikin da ɗalibin da ya gabace ka ya yi. Idan aka amsa maka da "ai kowa ma zai iya sa ka aiki", ka yi hattara. Ɗalibin kowa ɗalibin ba kowa ba ne.

Maganar kuɗi kuma a yi ta tun farko, ba kunya. Wasu wuraren suna biya, wasu kuɗin mota kawai, wasu ko sisi. Doka ta bambanta. A Amurka, tun 2018 ma'aikatar ƙwadago ke bin wani ma'auni da ke tambayar wane ne ya fi cin moriyar zaman, ɗalibi ko mai ofis. Idan mai ofis ne, to ɗalibin ma'aikaci ne, a biya shi. Ko dokar ƙasarku ba ta ce haka ba, tambayar tana da amfani ka riƙa yi wa kanka ita. Idan ba a biyanka, to koyarwar ce ladanka, kuma kana da hakkin ka nemi a ba ka shi. Duk abin da kuka amince a kai, ranaku da awanni da sunan mai sa ido, a rubuta shi ko da a imel ɗaya ne.

Makon farko

Za a ba ka takardar riƙe sirri ka sa hannu. Idan ba a ba ka ba, ka ɗauka ka riga ka sa. Sirrin wanda ofishi ke wakilta ya haɗa har da cewa ya taɓa zuwa ofishin. Ba ka faɗa a gida, ba ka faɗa wa abokan aji a zauren WhatsApp, ba ka ɗaukar hoton teburinka da fayil a buɗe ka sa a Facebook don a san ka fara aiki. Ba ka tattauna shari'a a farfajiyar kotu, domin mutumin da ke zaune kusa da kai a benci yana iya zama ƙanin abokin shari'a. Sirrin kuma ba ya ƙarewa ranar da ka bar ofishin.

Abu na biyu da ɗalibai ba su cika sani ba: idan ka buɗe fayil ka ga sunan ɗan'uwanka, ko maƙwabci, ko kamfanin da ka taɓa yi wa aiki, a kowane ɓangare na shari'ar, rufe shi ka je ka faɗa nan take. Ba laifi ba ne ka san mutum. Ɓoyewar ce ke iya jawo a nemi cire ofishin gaba ɗaya daga shari'ar.

A ofishin da na yi nawa akwai wani dattijon akawu da ya fi kowane lauya daɗewa a wurin. A rana ta biyu ya dire mini wani rufaffen fayil mai kauri, na shari'ar da aka gama shekaru da suka wuce, ya ce, "'Yar nan, karanta wannan daga ƙasa zuwa sama, kada ki tsallake ko rasit." Na ce, "Baba, ai an gama wannan shari'ar." Ya ce shi ya sa. Na yi kwana biyu a kansa. Na ga bayanin ganawar farko da hannun lauya, da wasiƙar gargaɗi, da takardar shigar da ƙara, da shaidar cewa an miƙa sammaci, da amsar wanda ake ƙara, da takardun rantsuwa da hujjojin da aka liƙa musu haruffa, da ranakun da aka yi ta ɗagewa, har zuwa hukunci. Abin da malamai suka yi zango biyu suna zana mana a allo, ga shi a jere, kowace takarda ta haifi ta gaba da ita. Da tsohuwar zuma ake magani. Idan ba wanda ya ba ka irin wannan fayil, roƙa.

Iyakar da ba a tsallakewa

A mako na uku aka bar ni in ɗauki bayanin wata mata da mai gida ya ba ta takardar tashi. Na yi tambayoyina, na rubuta ranaku, na karɓi kwafin rasit ɗinta. Da za ta miƙe sai ta kama hannuna ta ce, "'Yata, ki faɗa mini tsakani da Allah, zai iya fitar da ni?" Tausayi ya kama ni, ga kuma ɗan karatun da nake ji da shi. Na ce mata a yadda na ga takardar nan wa'adin da ya ba ta bai cika ka'ida ba, kada ta damu.

Barista ta ji ta ƙofa. Ba ta ce komai ba sai da matar ta fita, sannan ta kira ni ta tura ƙofar. Ta tambaye ni ko na ga yarjejeniyar hayar. Ban gani ba, matar ba ta zo da ita ba. Ta ce to da me na auna wa'adin? Sannan ta ce abin da har yau nake maimaita wa ɗalibai: matar nan ba ta san bambancin ɗaliba da lauya ba, abin da ta sani shi ne ofishin lauya ya ce kada ta damu, kuma za ta je gida ta yi aiki da wannan maganar. Da yammar ranar Barista ta kira ta da kanta ta warware abin da na ƙulla.

Kana iya gaya wa mutum ranar zaman kotu, da takardun da zai kawo, da inda fayilinsa ya kwana, da saƙon da lauya ya ba ka ka isar kamar yadda ya faɗa. Ba ka gaya masa ko zai yi nasara, ko ya karɓi sulhu, ko me doka ta ce game da tasa matsalar. Ba ka yanke kuɗin aiki, ba ka amsa cewa ofis ya karɓi shari'a, ba ka sa hannu a madadin lauya. Kuma a duk ganawa da duk kiran waya ka fara da bayyana cewa kai ɗalibi ne mai taimaka wa lauya. Jimlar da za ta cece ka ita ce: "Wannan tambaya ce ta Barista, zan rubuta ta in kai, a kira ki." Amma fa ka kai ɗin, kuma ka bi har a kira.

Karɓar aiki da mayar da shi

Kada ka shiga ofishin lauya ba takarda da biro a hannu. Idan aka ba ka aiki, kafin ka fita ka tabbatar ka san wane fayil ne, me ake so ka kawo (wasiƙa ce, taƙaitaccen bayani ne, ko jerin ranaku), yaushe ake so, wa zai karanta, kuma ko akwai samfurin irinsa da ofis ya taɓa yi. Tambayar samfurin nan ta fi sauran ceton lokaci, don kusan duk abin da za a sa ka an taɓa yin irinsa. Sai ka maimaita aikin da bakinka a taƙaice. Minti ɗaya ne, amma yana hana ka kwana biyu kana haƙa a inda ba ruwa.

Hatsarin samfuri shi ne ragowar tsohon suna. Ka ɗauko tsohuwar takardar rantsuwa ka canza suna a sama, ka manta da shi a sakin layi na tara. Bincika da kwamfuta, sannan ka buga a takarda ka bi da yatsa: sunaye, lambar ƙara, ranaku, adadin kuɗi a lamba da a kalmomi, da haruffan hujjoji, ko abin da aka kira hujja ta C a ciki shi ne aka liƙa wa C a baya.

Matambayi ba ya ɓata, amma matambayin da ke leƙowa kowane minti goma yana gundura. Tara tambayoyinka ka kai su lokaci ɗaya, kowace da abin da ka riga ka duba da abin da kake zato. Banda abu ɗaya: duk abin da ya shafi wa'adi, a take ake kai shi.

Wa'adi shi ne inda ofisoshin lauyoyi ke faɗuwa, kuma ƙirga kwanaki ba abu ne mai sauƙi kamar yadda ake zato ba. A kotunan tarayya na Amurka wanda aka kai ƙara yana da kwana 21 ya ba da amsa bayan an miƙa masa sammaci. Ba a ƙirga ranar da aka miƙa, ana ƙirga Asabar da Lahadi, amma idan ranar ƙarshe ta faɗa a kansu ko ranar hutu sai a tsallaka zuwa ranar aiki ta gaba. A Ingila kuwa idan wa'adi kwana biyar ne ko ƙasa da haka, ba a sa ƙarshen mako a lissafi. Kowace kotu da nata tsarin. Don haka kada ka taɓa ƙirgawa da ka. Buɗe ƙa'idojin kotun da shari'ar take, ƙirga a kan kalanda, rubuta lambar ƙa'idar da ka dogara da ita kusa da ranar, ka kai wa lauya ya tabbatar kafin a shigar a littafin ranaku.

Idan aka sa ka binciken hukunce-hukuncen baya, duk wanda za ka ambata sai ka buɗe shi ka karanta da idonka, ka kuma duba ko kotun sama ba ta rushe shi ba. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 a ƙarar da aka kai kamfanin jiragen sama na Avianca, saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da manhajar ChatGPT mai amsa tambayoyi ta ƙirƙiro musu, waɗanda ba a taɓa yanke su a ko'ina ba. Ban da haka ma, zuba bayanan wanda kuke wakilta a cikin irin waɗannan manhajoji ba da izinin ofis ba tona sirri ne. Haka nan ɓoye bayani a takarda: ɗora baƙin layi a kan rubutu a kwamfuta ba ya goge shi. A Janairun 2019 lauyoyin Paul Manafort, tsohon shugaban yaƙin neman zaɓen Donald Trump a Amurka, sun shigar da takarda a kotu da irin wannan rufi, 'yan jarida suka kwafe abin da ke ƙarƙashi suka karanta. Idan aka ce ka ɓoye wani sashe, tambayi manhajar da ofis ke amfani da ita, ka gama kuma ka gwada kwafewa ka gani.

Sai zancen jan biro. Idan aikinka ya dawo da gyara, kada ka shigar da gyaran kawai ka wuce. Ajiye tsohon kusa da sabon ka tambayi kanka dalilin kowane canji, wanda ba ka gane ba ka tambaya. Ni na buɗe shafi a bayan littafina na riƙa jera kurakuraina. Kuskure ɗaya sau biyu ne ke ɓata wa mai koyarwa rai, ba sabon kuskure ba. Idan kuma aikinka ya shige bai dawo ba, bi sawunsa: nemi kwafin da aka aika a cikin fayil ka kwatanta da naka. Wani lauyan ba ya gyara a gabanka, sake rubutawa yake yi da dare.

Littafin aiki

Ofisoshi da yawa na lissafa lokaci kashi-kashi na minti shida, wato kashi ɗaya cikin goma na awa, kuma lokacin mataimaki ma kuɗi ne. Kotun ƙolin Amurka ta amince a 1989, a shari'ar Missouri da Jenkins, cewa ana iya biyan aikin mataimakan lauya a farashin kasuwa idan kotu ta ɗora wa wanda ya sha kaye biyan kuɗin lauyoyin abokin shari'arsa. Ko ofishinku ba ya cajin lokacinka, koyi rubuta shi. Rubuta a ranar, ba ranar Juma'a kana ƙoƙarin tuno Litinin ba.

Ban da na ofis, riƙe naka littafin: kwanan wata, awanni, irin aikin, wanda ya duba, da abin da ka koya. Ba sunan kowa a ciki, ba lambar ƙara. "Na tsara jerin ranakun abubuwan da suka faru a shari'ar haya daga takardu 40, Barista ta duba" ya wadatar. Kai wa mai sa maka ido ya sa hannu duk ƙarshen mako. Idan ka bari sai ƙarshe, za ka tarar ya yi tafiya, ko ya manta rabin abin da ka yi.

Idan abin bai tafi daidai ba

Yana yiwuwa ka yi mako biyu ba abin da kake yi sai kwafi da aike. Kwafi ma aiki ne, kuma mai wayo yana karanta abin da yake kwafewa. Amma idan ya zama shi ke nan, kada ka yi gunaguni a bayan ido. Nemi minti goma, ka zo da fom ɗin makaranta ka nuna abubuwan da ake so ka taɓa, sannan ka roƙi abu takamaimai: a bar ka ka yi daftarin wasiƙar da za a aika gobe, ko ka bi lauya kotu ranar Laraba ka rubuta abin da ya gudana. Lauya mai aiki ya fi saurin amsa "to" ga ƙaramar buƙata bayyananniya fiye da koken cewa ba a koya maka komai. Idan an yi haka sau biyu ba canji, sanar da malaminka tun da sauran lokaci. Haka ma idan aka sa ka abin da ranka bai kwanta da shi ba, kamar mayar da kwanan wata baya a takarda ko sa hannun wani: ka ƙi cikin ladabi, ka gaya wa makaranta a ranar.

Kuskurenka kuma, kai za ka fara kai shi. Na taɓa sa wasiƙar wani a ambulan ɗin wani. Na gane bayan masinja ya fita da minti ashirin, na tsaya a bakin ƙofar Barista ƙafafuna na rawa na faɗa. Ta ɗaga waya, aka tare shi a hanya, magana ta mutu. Da na yi shiru zuwa washegari, da sirrin mutum ya isa hannun wanda bai kamata ba.

Mako biyu kafin ka gama, tuna wa mai sa ido fom ɗin makaranta, ka kuma roƙi takardar shaida tun yana ganin fuskarka kullum. Ba shi taƙaitaccen jerin ayyukanka daga littafinka don takardar ta faɗi abin da ka yi, kada ta tsaya a "yaro ne mai ladabi". Idan kana son ka riƙe wani rubutu naka don nuna wa masu ɗaukar aiki, nemi izini, a cire duk abin da zai nuna mai shi, lauya ya duba kafin ya fita daga ofis. Ba ka tafiya da komai a waya ko a filas ba da saninsu ba.

Ranar ƙarshe ka bar takardar miƙa aiki: kowane fayil da ke hannunka, inda ka tsaya, abin da ya rage, da ranar da ke tafe a kansa. Tawa shafi biyu ce. Na kai wa Barista, ta karanta a tsaye, ta zaro biron nan daga aljihun jaka ta gyara mini rana ɗaya da na sa Talata alhali Laraba ce, sannan ta miƙa wa Baba akawu ta ce ya sa a fayil.